Maƙeran Bakin Kwalta, daga Gidan Runji zuwa Gazawa



Maganar yau ta ƙarfe ce da masu sarrafa shi. Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, ya fito daga Gidan Runji ya ratsa Tsibiri, ya wuce Maraɗi ya nufi gabas ta Cadawa da Agye har Gazawa, ya san kunne ke riga ido sanin an iso gari. Tun mota ba ta tsaya a tasha ba ake jin amon guduma. Sannan ido ya ga ƙyamaren ƙarfe jingine da bango, da gadaje, da amalanken da ba a sa wa taya ba tukuna, da murhuna, da tulin ruwan hauya mai jiran ƙota. Abin lura shi ne masu wannan aiki ba a warwatse suke ba. Rumfa na jikin rumfa: mai walda kusa da mai walda, mai sayar da tsohon ƙarfe a bayansu, mai gyaran injin niƙa a gefe, maƙerin gado da zuga-zuginsa ɗan nesa kaɗan wajen kasuwa.

Tambaya a nan ita ce, me ya sa mutumin da ya san maƙwabcinsa na ƙera irin ƙofar da shi ma yake ƙerawa ba ya kwashe kayansa ya koma can ƙarshen gari inda ba shi da kishiya? Amsar ba ta masu nazari ba ce su kaɗai, domin ita ce za ta nuna yadda ya kamata hukuma ta ɗauki waɗannan mutane. Har yanzu da ido biyu ake kallonsu, idon mai karɓar haraji da idon mai son share bakin hanya. Dukansu biyu ba su ga abin da ke wurin ba, wato masana'anta guda ɗaya da manomin wannan yanki yake da ita a kusa da shi.

Ƙira ta girmi garuruwan da aka ambata. Lokacin da Katsinawan da jihadi ya kora suka kafa sarauta a Maraɗi a farkon ƙarni na 19, da lokacin da Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, maƙeri na cikin mutanen da sarki ba ya zama sai da su. Mashi da kibiya da takobi da linzami da likkafa duk daga maƙera suke fitowa, haka nan hauyar da ke ciyar da mayaƙan. Shi ya sa fada ke da Sarkin Maƙera, kuma sana'ar ta rabu gida biyu, maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe da maƙeran fari masu azurfa da tagulla. A wancan zamani ƙarfen kansa daga ƙasa ake fitar da shi. Maƙera kan fita daji su haƙo tama, su toya gawayi mai yawa, su gina murhun narkewa, su kwana suna tsaron wuta. Wata Bafaranshiya mai nazarin al'adu, Nicole Echard, ta tarar da ragowar wannan aiki wajen maƙeran Adar a shekarun 1960, har ta ɗauke shi a fim kafin ya ɓace.

Da yaƙe-yaƙe suka lafa a zamanin Nasara, mutane suka fito daga garuruwa masu ganuwa suka bazu cikin daji suna saran gonaki. Ƙauyuka da dama na ƙasar Agye da Gazawa a lokacin ne suka kafu ko suka bunƙasa, noman gyaɗa kuma ya ƙara ingiza abin. Maƙeri ya bi manomi. Kowane gari mai ɗan girma ya samu maƙerarsa, kuma sau da yawa ba da kuɗi ake biya ba, sai kaka ta yi a kai wa maƙeri damin hatsi ladan gyaran kayan noma na shekara. Claude Raynaut, wanda ya daɗe yana bincike a jahar Maraɗi, ya rubuta a 1984 irin kayan noman yankin dalla-dalla, ya nuna yadda hauyar tsaye da ta duƙe, da sungumi da galma, kowace ke da ƙasar da ta dace da ita. Wannan sani na sifar ƙarfen da jigawa ke so da wadda fadama ke so, a hannun maƙerin ƙauye yake, ba a littafin wani injiniya ba.

To, a nan ne abu na farko ya sauya, kuma shi ne tushen dukan abin da ya biyo baya. Ƙarfe ya bar daji ya koma bakin hanya. Da motoci suka yawaita, sai ya zama tsohon sifirin babbar mota ya fi tama sauƙi, ya kuma fi ta ƙwari. Tanon mai da aka yanke aka miƙe ya zama faranti. Narka tama ta mutu, ba don wata doka ba, sai don ba ta da riba. Wanda ke neman tsohon ƙarfe kuwa dole ya zauna inda mota ke lalacewa, inda ake sauke kaya, inda ƴan gwangwan ke kawo abin da suka tsinto, wato tasha da kasuwa da bakin kwalta.

Abu na biyu gwamnati ce ta kawo shi, ko da yake ba haka ta nufa ba. Bayan farin 1973 da 1974, aka shiga zamanin manyan ayyukan raya karkara. Wanda aka kafa domin jahar Maraɗi da kuɗin Bankin Duniya a rabin ƙarshe na shekarun 1970 ya dage ƙwarai kan noma da shanu. Aka riƙa horar da samari manoma, a sallame su da bijimai da garma da amalanke bisa bashi, ta hannun ƙungiyar UNCC da bankin manoma na CNCA. Kayan kuwa manyan ma'aikatun da gwamnati ta kafa ke ƙera su, irin su ACREMA a Tawa, da UCOMA a Damagaram, da CDARMA a Dosso. Farin 1984 ya zo ya kashe dabbobi, bashi ya ƙi biyuwa, CNCA ta durƙushe, gyaran tattalin arziki na dole ya janye hannun gwamnati daga rangwamen kayan noma. Masu lissafi a Yamai suka rubuta cewa shirin ya faɗi.

Amma manomi ya riga ya ɗanɗana amalanke, kuma bai yarda ya koma ɗaukar taki a ka ba. Ita ce ke kai taki gona, ta kwaso hatsi da kara, ta ɗebo ruwa, ta kai aya da riɗi da wake kasuwar Cadawa ko ta Gazawa, ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Buƙata ta tsaya, mai biyan ta ya kau. Sai wasu sababbin masu sana'a suka cike gurbin: masu walda. Da gatarin tsohuwar Peugeot, da tayoyin da suka gama aiki, da ɗan ƙarfen kwana da katako, suka fitar da amalanken da manomi ke iya saye da kuɗin kakarsa, kuma in ta karye ya san ƙofar da zai buga. Mafi yawansu ba ƴan gado ba ne, shigege ne, sun koyo a Maraɗi ko Katsina ko Kano. Abin da babban shiri mai motoci da ofisoshi ya kasa ɗorewa da shi, rumfar kwano ta ɗore da shi ba tare da an ba ta ko dala ba. Da sefa ta faɗi a watan Janairun 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga dala goma zuwa dala ashirin, kayan Turai suka fi ƙarfin talaka, kasuwarsu ta ƙara buɗewa, ko da yake sabon ƙarfe da sandar walda su ma sun yi tsada.

Mai walda ya fi maƙerin gado buƙatar gari, saboda shi sai da wutar lantarki. Ƙarfe a bakin hanya, wuta a gari, mai saye a kasuwar mako: wannan ya isa ya bayyana dalilin da ya kawo su Agye ko Gidan Runji. Bai bayyana dalilin da ya sa suke manne da juna a layi ɗaya ba.

Wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, Alfred Marshall, ya yi wa wannan tambaya bayani tun 1890, bayan ya duba garuruwan ƙasarsu irin su Sheffield mai ƙera wuƙaƙe. A ganinsa, masu sana'a ɗaya in sun taru, ƙwararrun ma'aikata na samuwa a kusa, masu sayar musu da kayan aiki na biyo su, sanin sana'ar kuma na yaɗuwa tsakaninsu. Bahaushe ya riga shi faɗa a taƙaice da ya ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. Amma ya kamata a duba yadda abin yake a ƙasa, domin akwai wani dalilin da ya fi na Marshall nauyi a nan.

A ɗauki manomi daga wani ƙauyen Gangara ko na Saye Sabuwa, wanda ya tara kuɗin amalanke shekara biyu. Ranar kasuwa ɗaya gare shi. Ba zai yarda ya je wurin mutum guda a bayan gari ya karɓi farashin da aka yanka masa ba. So yake ya ga amalanke huɗu ko biyar, ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa, ya duba walda, ya taya nan ya taya can. Saboda haka inda rumfuna suka fi yawa can zai nufa, kuma mai waldar da ya ware kansa don gudun kishiya, mai saye ya guda. Dillalin da ke sarin hauya da lauje yana bin kasuwannin ƙauye shi ma haka, wuri ɗaya yake so ya cika buhunsa. Sannan a ƙasar da ba a rubuta yarjejeniya, ba a kuma zuwa gaban alƙali saboda ƙofa guda, layin kansa shi ne jingina. Wanda ya ci kuɗin kafin-alƙalami ya ƙi aiki, kafin la'asar kowa ya ji, kuma maƙwabtansa ne za su fara tsawata masa, don sunan layinsu ne ke ɓaci.

Ta wajen aiki kuwa, babu ɗaya daga cikinsu da ke da cikakkun kayan sana'a. Wannan yana da injin yanka, wancan yana da na huda, na uku ne kaɗai ke da janareta mai ƙarfi. Aro da haya da “miƙo mini” su ne suka mai da rumfuna goma matalauta tamkar ma'aikata guda mai ɗan hali. In wani ya samu kwangilar ƙofofi ashirin, maƙwabta yake raba wa, ya ari yaransu. Guntun da mai ƙofa ya yar shi ne jarin mai murhu, abin da mai murhu ya rage ya isa maƙerin gado ya fitar da ƙusa ko zoben ƙota. Sabon fasali kuma ba ya kwana biyu a rumfa ɗaya. Murhun ƙarfe mai tsimin itace da ake kira Mai Sauƙi, wanda aka yaɗa a Nijar a shekarun 1980, ta irin wannan hanya ya shiga gidaje: an koya wa kaɗan, sauran suka leƙa suka ɗauka. Mata su ne manyan masu cin moriyar layin, ko da yake ba a ganin su a cikinsa. Tukunyar da aka zuba da narkakken alminiyon, kaskon tuya, haƙoran injin niƙa da ake wasawa, duk hidimarsu ce.

Sai dai ba za a tsaya ga yabo ba, domin taruwar da ke raya sana'a ita ce kuma ke iya daskarar da ita. Kowane mai gida yana da yara huɗu ko biyar masu koyo. Bayan ƴan shekaru kowannensu zai samu ƴanci, ya kafa rumfarsa nan kusa, ya yi irin ƙofar mai gidansa da irin gadonsa. Masu yi suna ƙaruwa, kayan ba su sauya ba, aljihun manomi bai faɗaɗa ba. Sai farashi ya faɗi, kuma hanyar tsira ɗaya ce, a rage kaurin ƙarfe, a rage walda, a rufe da fenti. Wanda ya ɓata lokacinsa ya ƙago sabon abu, kafin ya mai da kuɗinsa maƙwabci ya kwaikwaya ya karya farashi. Wasu masana ƴan Japan, Tetsushi Sonobe da Keijiro Otsuka, sun bi diddigin irin waɗannan unguwanni a Asiya da Afirka, suka tarar da wannan ciwo kusan ko'ina: yawa na ƙaruwa, riba na raguwa, kuma ba a fita sai in wasu sun iya ɗaga ingancin kaya da tsarin tafiyar da aiki. A yawancin unguwannin Afirka da suka duba, wannan mataki bai zo ba.

Misalin Kumasi a ƙasar Gana, inda Hausawa ke da daɗaɗɗen zango, ya cancanci a tsaya kansa. Unguwar Suame ta fara ne da ƴan makanikai, ta girma ta zama ɗaya daga cikin manyan matattarar masu aikin ƙarfe da gyaran mota a Afirka, mai ɗauke da dubban mutane. Abin da ya taimaka mata ta wuce gyara ta shiga ƙira shi ne a 1980 jami'ar kimiyya ta Kumasi ta ɗauko wata cibiyarta ta dasa a tsakiyar unguwar, da injinan sassaƙar ƙarfe, daga baya da aikin narka ƙarfe. Ba ta kira masu sana'a su zo aji ba, ita ta je rumfarsu. A Nairobi ta ƙasar Kenya kuma, maƙeran Kamukunji da ake kira masu aikin rana mai zafi sun daɗe ana korarsu, sai a 1985 shugaba Daniel arap Moi ya ziyarce su ya sa aka gina musu rumfuna. Rumfunan ba su mai da su attajirai ba, amma sun kawo ƙarshen zaman ɗar-ɗar. A gida ma akwai kasuwar Katako ta Yamai, a maƙwabta akwai Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, inda ƙarfen da ake aiki da shi a ƙasar Maraɗi kan fito.

Wannan ya kawo maganar iyaka, wadda ita ce igiyar da sana'ar ke rataye da ita. Nijar ba ta da masana'antar narka tama, duk da tamar da aka daɗe da sanin tana kwance a yankin Say. Sabon ƙarfe, da faranti, da sandar walda, da dutsen yanka, yawancinsu ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa. Duk ranar da aka rufe iyaka, layin maƙera na cikin waɗanda ke fara ji a jika. An gani daga 1984 zuwa 1986, an sake gani daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an kuma gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Tsohon ƙarfen ma ya samu masu so daga nesa: tun shekarun 2000 ake lodin sa manyan motoci ana fita da shi domin masana'antun waje, maƙerin gida kuwa ba ya iya taya farashinsu.

Wutar lantarki ita ma ta wannan ƙofa take shigowa, kuma a nan akwai abin takaici. Babban layin da ke kawo wuta daga Katsina a Gazawa yake sauka, daga nan ne ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya ya nufi Damagaram. Wato wutar jahohi biyu ta kan wannan yanki take ratsawa, alhali mai walda a ƙauyukan da ke ƙarƙashin wayoyin da janareta yake aiki. Da Nijeriya ta janye rangwamen man fetur a ƙarshen Mayun 2023, man bakin hanya da janaretocin ke sha ya yi tsada. Wata biyu da ƴan kwanaki bayan haka aka yanke wutar gaba ɗaya saboda takunkumi, ba a maido da ita ba sai a 2024. Waɗanda suka yanke shawarar a Abuja, da waɗanda aka yanke dominsu a Yamai, babu ɗayansu da ya rasa abincin dare. Yaron da ake biya in an gama ƙofa shi ne ya rasa.

Maƙerin gado kuwa, damuwarsa gawayi ce. Ba kowane ice ke yin wutar ƙira ba, gawayin ƙirya ake nema, ƙirya kuwa ba ta saurin girma. Gaskiya ne sassaben zamani ya maido da itatuwa gonakin yankin, har ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a duniya saboda shi, kuma dokar 2020 ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itacen da ya raina. Amma a shirye-shiryen dashe da rainon itace da wuya a ji an kira maƙera zaman shawara, alhali su ne suka fi kowa sanin darajar ƙirya. Ga kuma matsalar tsaro a kudancin Gidan Runji, inda satar shanu da garkuwa da mutane suka tsananta, har dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo tun 2019, aka tsugunar da wasunsu a ƙasar Cadakori. Manomin da aka kore wa bijimai ba ya sayen garma, ba ya sayen amalanke.

To ina hukuma a cikin wannan duka? A takarda, ba a manta da su ba. Tun 1992, bayan babban taron ƙasa, aka yi dokar da ta tsara manufar ƙasa kan sana'ar hannu. A 2012 aka kafa majalisar masu sana'ar hannu ta CMANI. Akwai asusun FAFPA na tallafa wa koyon sana'a, akwai cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, Maraɗi na da tsohuwar makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, tana kuma da jami'a tun 2010. Mulki ma an kawo shi kusa: an zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, Gazawa ta rabu da Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, sannan a Afrilun 2024 aka rushe majalisun aka naɗa kantomomi. Duk waɗannan sauye-sauye, fuskar hukumar da mai walda ya fi sani ba ta sauya ba, ita ce ta mai tikitin kasuwa da mai fatanti. A da kuwa, lokacin yaƙin neman zaɓe, kowace jam'iyya ta san hanyar layin, domin can ake ƙera allon talla da ƙarafan rumfar taro.

Masu son a tashe su daga bakin hanya ba su rasa hujja ba, kuma bai kamata a raina ta ba. Ƙara na damun maƙwabta, tartsatsin wuta kusa da masu sayar da mai a kwalba haɗari ne, ƙarafan da aka baje har gefen kwalta na jawo karo, yara na walda ba tabarau suna kwana da ciwon ido, wasunsu ma shekarun makaranta gare su. Duk gaskiya ne. Amma maganin da aka saba kawowa, wato a yanka musu fili can bayan gari inda babu wuta babu mai saye, kashe layin ne da sunan gyara shi. Abin da ya tara su shi ne kasuwa da tasha. In aka raba su da waɗannan, cikin shekara guda za su sulale su dawo ɗaya bayan ɗaya, a wannan karo a warwatse, an yi asarar aron kayan aiki da tsawatarwar maƙwabta, ba a kuma rage haɗari ko ɗaya ba.

Abin da hankali zai ɗauka shi ne a ja su baya kaɗan daga kwalta amma a bar su jikin kasuwa, a ba su fili da takarda a hannu. Mutumin da bai san ko gobe za a rushe rumfarsa ba, ba zai zuba siminti ya kafa injin da ya fi shi nauyi ba. Filin nan a kai masa layin wuta mai ƙarfi. A jahar da ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400, kuma ake gina azuzuwa kowace shekara, teburan ƴan makaranta da ƙofofi da tagogi da gadajen ɗakunan shan magani kasuwa ce babba. In ana ba da ita dunƙule ga ɗan kwangila guda, shi ma layin zai zo ya ba aikin a rabin farashi. A rarraba ta daidai ƙarfin ƙungiyar masu sana'a ta kowane gari, a gindaya musu kaurin ƙarfe da ingancin walda, wanda ya kasa a mai da masa kayansa. Ta haka ne inganci zai fara biyan mai yin sa. Sharaɗi guda ne, a biya kan lokaci, domin bashin gwamnati na wata shida ya isa ya rufe rumfa.

Akwai kuma rabon da ba na gwamnati ba. Amfanin da taruwa ke kawowa da kanta, an riga an ci shi. Wanda ya rage sai an haɗa kai da gangan. Mutum goma da kowannensu ke zuwa Maraɗi ya sayo faranti biyu a hannun ɗan kasuwa, in suka haɗa kuɗi mota guda za su sauke a farashin sari. Injin sassaƙar ƙarfe da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfin layi ba. A Suame an gwada koya wa masu rumfuna riƙe littafin shiga da fita da raba kuɗin sana'a da na cefane, aka ga waɗanda suka koya sun fi sauran jure wa faɗuwa. Wannan ba ya buƙatar ko sisin Bankin Duniya. Abin da ke hana shi sananne ne, ƙungiyoyi da yawa an kafa su ne don jiran tallafi, shugabanninsu sun fi sanin ofis bisa ga maƙera, ga kuma tsohuwar ƙyashi tsakanin ƴan gado da shigege, alhali wanda ya san sifar hauya da wanda ya san wutar walda kowane na da rabin abin da ɗayan ke nema.

Lokaci kuma ba ya jira. A 2021 Nijeriya ta ba kamfanin Mota-Engil kwangilar shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita kusan 284. Ranar da jirgi ya fara shigowa, zai iya sauke faranti da sandar walda a farashin da layin Agye da na Tsibiri ba su taɓa gani ba. Zai kuma iya sauke ƙofofi da gadaje da garmuna ƙerarru daga Kano ko daga Sin, masu sheƙi, masu araha. Taragon bai damu da wanne ya ɗauko ba. Ɗan kasuwar da ya yi oda shi zai zaɓa, kuma zai zaɓa ne bisa abin da ya tarar a layin maƙera a wannan rana.